Ni ma an taɓa kirana

Labarin binciken lafiya ta waya mai suna BRFSS, wanda jihohin Amurka ke yi tare da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, ya tuna min ranar da aka kira ni. Ina tsaka da tuƙa tuwo na ga baƙuwar lamba, saura ƙiris in katse, na zaci 'yan damfara ne. Matar da ta kira ta tambaye ni ko ina shan taba, ko ina motsa jiki, ko an taɓa ce min ina da ciwon suga. Da ta zo kan yaushe rabona da likita sai na yi tsit, muciya a hannu, don wallahi na fi shekara 3.

A 1984 aka fara binciken da jihohi 15, yanzu duk 50 suna ciki, ana jin ta bakin manya sama da 400,000 a shekara. Da amsoshin nan jiha ke gane inda za ta zuba kuɗin rigakafi.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yawanci da Turanci da Sifaniyanci ake tambayoyin. Dattawanmu da Turancinsu bai nuna ba katse wayar suke yi, sai lissafi ya fita babu hawan jininsu a ciki. Don Allah a nemo tafinta.