Ciyawar da ke tare ambaliya: daga Arizona zuwa fadamar Haɗeja

A kudu maso gabashin Arizona, inda nake zaune yanzu, akwai wata ciyawa da suke kira sakaton. Tana fitowa dunƙule-dunƙule kamar gambarmu, tsawonta yakan kai mita 2, kuma ba ta son tudu. Sai kwari, inda ruwan damina ke malala. Daminarsu daga Yuli zuwa Satumba ce, ruwan kuma na tsawa ne, ya zubo gaba ɗaya cikin awa guda, rafin da ke bushe ƙayau ya cika ya tumbatsa.

In ka shiga fadamar Las Cienegas bayan irin wannan ruwa, duba gindin kowane dunƙule. Ta ɓangaren da ruwa ya taho za ka ga tarkacen itace da ganye da laka sun taru sun maƙale, ta ɗaya ɓangaren kuma ƙasa lumui. Ruwan ya zo da gudu, ciyawa ta karya masa ƙarfi, ya bazu, ya ajiye lakarsa, ya nutse. Saiwarta kuma tana bin danshi har can ƙasa, shi ya sa take jure rani. Tsuntsaye na sheƙa a cikinta, aladen daji na fakewa, makiyaya kuma kan sa mata wuta kafin bazara don shanu su sami toho, kamar yadda Fulani ke yi wa gamba.

Masu binciken yankin suna cewa abin da ya rage na wannan fadamar ciyawa bai kai kashi 5 cikin 100 na da ba. Yadda aka yi ta tafi shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A shekarun 1880 an cika ƙasar da shanu fiye da kima, aka yi ta haƙa magudanai da hanyoyi a tsakiyar kwari. Fari ya biyo baya daga 1891 zuwa 1893, dabbobi suka cinye abin da ya saura kafin su mutu. Ruwa da ya sami ƙasa tsirara sai ya haƙa wa kansa kwazazzabo. Kogin Santa Cruz a Tucson ya rufta haka ne a ambaliyar 1890. Da zarar rafi ya nutse mita da yawa ƙasa da fadamarsa, ba ya ƙara malala. Ruwan ƙasa ma sai ya bi shi ya sauka, saiwar ciyawa ta kasa kai masa. Wani itacen ƙaya mai suna meskit ya gaje wurin. Har yau za ka tsaya a cikin irin wannan rami ka ga baƙar ƙasar tsohuwar fadama a jikin bangon, tana can sama da kanka.

Mu namu ciwon ta wata ƙofa ya shigo. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwan Kogin Haɗeja ya daina bin lokacinsa. Da can yakan zo da damina ya rufe fadama, da kaka ya janye, manomi ya girbe shinkafa, masunci ya kwashe kifi a tafkunan da suka rage, makiyayi ya shigo da rani ya sami burgu. Yanzu ana sakin ruwa har da rani, wasu hanyoyin ruwan ba sa bushewa sam. Kachala, doguwar ciyawar nan mai fitowa cikin ruwa, ta samu abin da take so. Ta toshe magudanai, ta cinye gonaki a Guri da kewayen Marma, ta zama masaukin jan-baki mai cinye hatsi. Su a Arizona ruwa ya daina tsayawa, mu ya daina tafiya, kuma duka biyun ciyawar asali ce ta fara biyan bashin.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke maganar ambaliya a gida. Bayan ɓarnar da aka sha a Jigawa a 2022, kusan duk abin da ake kira shi ne a yashe kogi, a ɗaga jinga, a ƙara madatsa. Yashe magudanar da kachala ta toshe dole ne, ban musa ba. Amma zurfafa kogi da miƙe shi don ruwa ya wuce da sauri, wannan shi ne ainihin abin da ya kashe fadamun Arizona. Nan Arizona gwamnati ta killace gaɓar kogin San Pedro a 1988 da Las Cienegas a 2000, ana jera duwatsu a ƙananan kwazazzabai don a rage wa ruwa gudu, ana dasa sakaton da hannu. Aiki ne mai tsada, kuma ramin da ya rufta cikin damina ɗaya ba ya cikewa a rayuwar mutum ɗaya.

Inda muka fi su, a ganina, ciyawarmu tana da masu ita. Gamba zana ce, jinka ce, kuɗi ce a kasuwa. Manomi a Damagaram yakan bar layinta a iyakar gona da gangan. Jema ma saiwarta na riƙe gaɓar rafi fiye da buhunan yashi. Ba ma buƙatar shingen waya ko jami'i mai kaki kafin mutane su san darajarta. Amma noman rani yana cin ta har bakin ruwa, kowa na son ƙarin kadada ta tumatir da alkama, kuma ba na zargin manomin da ke da bakuna goma a gida.

Shi ya sa nake ganin maganar ta masu unguwanni da dagatai ce, tare da sarkin ruwa da arɗo: a ware 'yan taku daga gaɓa da garma ba za ta taɓa ba, a bar wa mai gonar haƙƙin yankan ciyawar ya sayar. Masu kula da Tiga da Challawa kuma su saki ruwa da damina yadda zai malale fadama, su rage shi da rani har magudanai su bushe, domin kachala ba ta jure bushewa.