Abin da na kasa yafe wa Sufeto Raquel a Money Heist

Duk lokacin da aka tayar da hirar Money Heist, shirin nan na ƙasar Sifaniya wanda asalin sunansa La Casa de Papel, sai in ji mutane suna yaba wa Sufeto Raquel Murillo cewa ta bi zuciyarta, ta ajiye aikin ɗan sanda, ta koma wajen mutumin da take ƙauna. Ni kuwa wannan juyawar tata ita ce abin da ya fi ɓata mini rai a shirin gaba ɗaya, kuma ina so in bayyana dalilina dalla-dalla, domin na lura da yawa daga masu kare ta sun manta da abubuwan da suka faru a kashi na ɗaya da na biyu. Wanda bai kalli shirin ba kuma yana da niyyar kallo, ya sani zan tona labarin har ƙarshensa.

Sai mu fara tuna wace ce Raquel kafin ta zama Lisbon, laƙabin da ta samu bayan ta shiga ƙungiyar ɓarayin. Lokacin da shirin ya fara fita a tashar Antena 3 a 2017, kafin Netflix ta ɗauke shi ta yaɗa shi duniya, labarin ya ginu ne a kan ɓarayi takwas da suka shiga masana'antar buga kuɗi ta gwamnati a Madrid, suka yi garkuwa da mutum 67, da nufin su buga Yuro biliyan 2.4 da injinan gidan. Raquel ce aka ɗora wa jagorancin tattaunawa da su. Mace ce mai ɗawainiya a gida da waje: ga 'yarta Paula, ga mahaifiyarta da ciwon mantuwa ya fara kamawa, ga ƙarar da ta shigar a kan tsohon mijinta Alberto, wanda shi ma ɗan sanda ne, bisa dukan da ya riƙa yi mata, ƙarar da wasu abokan aikinta ba su ma gaskata ba. Duk da wannan nauyi, idan wayar ɓarayin ta yi ƙara a cikin tantin 'yan sanda, sai ta tattara gashinta ta soke shi da fensir, ta ɗora abin saurare a kunne, ta daidaita murya, kowa ya yi tsit. 'Yar wasa Itziar Ituño ta fito da wannan mace da kyau ƙwarai, har ya zama a cikin shirin da ya cika da masu bindiga da masu ihu, ita ce mutum guda da nake ganin girmanta. Shi ya sa abin da marubutan suka yi da ita daga baya ya dame ni haka.

Yanzu a dubi yadda Farfesa, wato Sergio Marquina, shugaban ɓarayin da ya tsara fashin, ya shigo rayuwarta. Tun kafin su haɗu ya karance tarihinta tsaf, ya san rauninta, ya san shari'ar da ke tsakaninta da tsohon mijinta. Ya zauna a gidan shan shayin da take zuwa, da cajin wayarta ya ƙare ya miƙa mata tasa, ya gabatar da kansa da sunan ƙarya, Salva, mutum mai kunya da ladabi. A daidai waɗannan kwanakin kuma, shi ne mai kiran tantin da canjajjiyar murya yana tambayarta irin tufafin da ta sa da wasu abubuwa na sirrinta, a gaban maza abokan aikinta, don ya rikita ta. Shi ne ya ɗana mata tarko ya ce ta zaɓa tsakanin sakin ɗalibai takwas da sakin Alison Parker, 'yar jakadan Birtaniya, yana sane da cewa Kanar Prieto na hukumar leƙen asiri zai matsa mata ta zaɓi 'yar jakada, sannan ya naɗi muryarta ya bai wa 'yan jarida, ƙasa gaba ɗaya ta yi mata ca. Da ya ga Alberto na dab da gano shaida, sai ya tsokane shi, ya sumar da shi, daga baya ya ji wa kansa ciwo don a ɗauka Alberto ne ya dake shi, ya bar Raquel ta zo tana kare shi da zuciya ɗaya, saboda ita ta san irin hannun tsohon mijinta. Wato ya ɗauki tabon da ya fi mata ciwo a rayuwa ya mayar da shi makami.

Akwai abubuwa biyu da suka fi waɗannan muni, kuma a kansu ne na tsaya.

Na farko shi ne Ángel Rubio, mataimakinta, wanda suka yi shekara da shekaru suna aiki tare. Ba na cewa Ángel waliyyi ne. Yana da aure, amma yana son Raquel, kuma kishi ne ya fara sa shi bin diddigin Salva. Sai dai kishin nan ne ya kai shi ga gaskiya: ya je wurin da Salva yake cewa yana sana'arsa, ya ɗauko ƙaramin cokali ya aika a duba zanen yatsa, ya riga kowa gane cewa saurayin Sufeto shi ne shugaban ɓarayin. Kafin nan kuwa, lokacin da Ángel ya yi shigar ma'aikacin jinya ya bi likitoci cikin ginin, ɓarayin sun saka na'urar saurare a jikin tabaransa, suka mayar da shi kunnensu a cikin tantin bai sani ba. Da lokaci ya yi, sirrin da ke fita ta wannan na'urar ya sa aka ce Ángel ne munafukin da ke sayar da shi. Raquel ta yarda. Mutumin da ta fi kowa sani ta zarga, ta bar wanda ta sani kwana biyu. Ángel ya fita a wulaƙance, ya sha ya bugu, ya yi ta kiran wayarta ba ta ɗauka, ya bar saƙo a wayar gidan mahaifiyarta, sannan motarsa ta yi hatsari ya shiga doguwar suma. Duk wanda ya taɓa yin aiki kafaɗa da kafaɗa da wani na tsawon shekaru ya san abin da ake nufi da a ce abokin aikinka ya gaskata baƙo a kanka.

Na biyu shi ne abin da ya biyo bayan wannan saƙon. Tsohuwar ta saurara, ta rubuta a 'yar takarda don kada ta manta, ta kira Salva da kanta tana neman 'yarta. Shi kuwa ya taho gidan da guba a aljihu. Mun gan shi zaune a ɗakin wannan baiwar Allah, tana karɓarsa hannu bibbiyu a matsayin saurayin 'yarta, ya zuba mata gubar a kofi, ta ɗaga za ta kai baki, sai a daƙiƙar ƙarshe ya buge kofin ya faɗi. Da ya fahimci tana da ciwon mantuwa, sai ya goge saƙon, ya ɗauke takardar. Masu kare shi suna cewa ai bai kashe ta ba. Haka ne, amma mutumin da ya shirya gubar, ya taka har gida, ya zuba, ya riga ya nuna mana iyakar da zai iya kaiwa don shirinsa. Wannan tsohuwar ce kuma aka nuna mana daga baya tana zaune tare da shi a matsayin iyali.

Raquel ta gano shi da basirarta, kuma wannan fitowar tana cikin mafi kyau a shirin: zare ɗaya na gashin roba mai ruwan lemo a jikin kwat ɗinsa, ragowar shigar ɗan barkwancin da ya yi don ya leƙa asibitin da Ángel yake kwance. Ta kama shi, ta kai shi gidan nan na Toledo inda ɓarayin suka yi wata biyar suna shiri, ta ɗaure shi, fushinta ya fito fili. A nan na yi zaton labarin zai yi mata adalci. Amma cikin ɗan lokaci kaɗan, da ta sake faɗawa hannunsa a maɓoyarsa, sai ya yi mata jawabi a kan Babban Bankin Turai, cewa shi ma ya ƙirƙiri biliyoyin Yuro a 2011 ya zuba wa bankuna ba wanda ya kira shi ɓarawo, kuma kuɗin nan takarda ce kawai. Da wannan jawabi da kalaman soyayya, macen da ta shafe rayuwarta tana karantar maƙaryata ta sauya sheƙa, ta ja wa 'yan sanda lokaci har ɓarayin suka fice da Yuro miliyan 984. Duk saninsu da juna bai kai mako guda ba.

Na san hujjar da za a kawo mini, kuma ba hujjar banza ba ce. Za a ce hukumar da take yi wa aiki ba ta cancanci biyayya ba. Gaskiya ne. Prieto ya fifita 'yar jakada a kan 'ya'yan talakawa, an yi wa Raquel barazana da raba ta da 'yarta, kuma a kashi na uku mun ga yadda aka ɓoye Rio, ɗaya daga cikin ɓarayin, ana gana masa azaba ba tare da an kai shi kotu ba. Da Raquel ta ajiye bindiga da katin aiki ta fita ta tona asirin waɗannan mutane, da na tsaya mata har ƙarshe. Amma lalacewar gwamnati ba ta wanke ɓarayin, kuma tsakanin zama ƙarƙashin Prieto da shiga ƙungiyar Farfesa akwai hanya ta uku mai faɗi wadda marubutan suka yi kamar ba su gan ta ba. Maganar Babban Bankin Turai ba ta amsa tambayar mutum 67 da aka tsare da bakin bindiga, cikinsu har da ɗalibai, aka sa su tono, aka sa musu jajayen kaya da fuskokin roba don 'yan sanda su kasa bambance su da ɓarayi, har aka harbi ɗayansu bisa kuskure da umarnin ita Raquel ɗin. Mu da muke zaune a yankin da garkuwa da mutane ta zama abin da ake kwana ana tashi da shi, mun san cewa wanda aka tsare ba ruwansa da falsafar wanda ya tsare shi, abin da ya sani shi ne tsoro, kuma tsoron yana bin sa har gida bayan an sake shi.

Sannan akwai Ariadna, yarinyar da tsoron mutuwa ya sa ta miƙa kanta ga Berlin, ɗan'uwan Farfesa kuma shugaban da ya naɗa a cikin ginin. Raquel mace ce da ta san cin zarafi a jikinta, ta kai ƙara a kansa, ta sha baƙar magana saboda shi. Ta yaya irin wannan mace za ta shiga gidan da ake ambaton Berlin a matsayin gwarzo, ba tare da wannan lamari ya tsaya mata a maƙogwaro ba? Wannan tambayar ce nake ganin shirin ya gudar mata.

Bayan shekara guda ta bi lambobin da ya bar mata a bayan katunan hoto ta same shi a tsibirin Palawan na ƙasar Filifin, ta kwashi 'yarta da mahaifiyarta ta shigar da su rayuwar gudun hijira. Uwar da ta yi ta fafutukar riƙe 'yarta ta mayar da yarinyar 'yar wadda ake nema ruwa a jallo. Sakamakon bai jima ba: da aka kama ta a lokacin fashin Babban Bankin Sifaniya, Sufeto Alicia Sierra ba ta sha wahalar neman inda za ta matsa ba, sunan Paula da na tsohuwar kawai ta ɗora a kan tebur. Kuma duk da cewa a kashi na biyar Lisbon ta riƙe ragamar ƙungiyar a cikin bankin na ɗan lokaci, ba ta sake komawa matsayinta na farko ba. Da ita ce kishiyar Farfesa a tunani, wadda take sa shi gumi. Daga baya ta zama wadda ake kamawa, a yi ƙaryar an harbe ta don a girgiza shi, a haƙa rami a ceto ta daga hannun hukuma. Ƙimarta a labarin ta koma gwargwadon yadda abin da ya same ta zai taɓa zuciyarsa.

Laifin a wurina na Álex Pina ne, wanda ya ƙirƙiri shirin, da abokan rubutunsa, domin abin ya zama musu ɗabi'a. Mónica Gaztambide, wadda aka yi garkuwa da ita aka kuma harbe ta a ƙafa, ta ƙare da auren wanda ya harbe ta, har suka laƙaba mata Stockholm, sunan da ake kiran halin wanda ya kamu da son mai tsare da shi, alamar sun san sarai abin da suke yi. Alicia, wadda ta azabtar da Rio da hannunta, ita ma a ƙarshe ta koma ɓangarensu. Mata uku, kowacce ta fara a wajen ƙungiyar, kowacce ta ƙare a cikinta, kamar ba a yarda akwai mace mai hankali da za ta ga Farfesa ta fahimce shi sarai sannan ta ce a'a ba.

Wanda ya riƙe amana a wannan labarin shi ne Ángel. Da ya farfaɗo daga suma, bayan duk abin da aka yi masa, Raquel ya bai wa adireshin maɓoyar Farfesa, ita da ta zarge shi, ya bar mata ta yanke hukunci da kanta. Ita kuma ta ɗauki abin da ya kusa rasa ransa a kansa ta kai wa mutumin da ya ɓata masa suna. Ban nemi a hana ta soyayya ba, kuma ban nemi ta mutu tana yi wa Prieto hidima ba. Abin da na nema shi ne a ba wannan cin amana nauyinsa, a bar shi ya zauna tsakaninta da Sergio tsawon kashi uku da suka rage, ya riƙa tasowa duk lokacin da ya ce ta yarda da shi. Maimakon haka, da shirin ya ƙare a Disamban 2021, sai aka sallame mu da maganar aure tsakaninsu da zinaren ƙasa a hannunsu, Ángel kuma yana nan a bakin aikinsa tare da mutanen da suka taɓa kiransa maci amana.