Los Tigres del Norte da Rigimar Waƙoƙin Fataucin Ƙwayoyi

A ƙarshen shekarun 1960 ne wasu samari 'yan gida ɗaya daga ƙauyen Rosa Morada na jihar Sinaloa a Meksiko suka tsallaka iyaka zuwa jihar Kalifoniya ta Amurka domin su yi wa fursunonin gidan yarin Soledad kiɗa. Rashin lafiyar mahaifinsu ce ta sa suka rungumi kiɗa tun suna yara don su ciyar da gida. Daga nan ba su koma ba, suka yi zamansu a birnin San José, inda suka shahara da sunan Los Tigres del Norte, wato Damisoshin Arewa. Yau fiye da shekara 50 ke nan Jorge Hernández yana jagorantar ƙannensa Hernán da Eduardo da Luis, da ɗan uwansu Óscar Lara mai ganga, shi Jorge rungume da akodiyon ɗinsa, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙera.

Duk da lambobin Grammy da suka tara, da tauraron da aka kafa musu a Hollywood a 2014, har yanzu akwai hukumomin da ke kallonsu a matsayin masu wasa 'yan fataucin ƙwayoyi. A ganina wannan hukunci ya yi gaggawa, kuma tarihin ƙungiyar bai goyi bayansa ba.

Salon da suke yi ana kiransa korido, waƙa ce mai ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, wadda ta bunƙasa a zamanin juyin juya halin Meksiko na 1910, lokacin da talakan da bai iya karatu ba yake jin labarin jagororin juyin, Pancho Villa da Emiliano Zapata, daga bakin mawaƙa a kasuwa. Waƙar da ta fito da su a shekarun 1970, "Contrabando y Traición", a kan wannan turba take. Wata mata mai suna Camelia da abokinta Emilio sun cusa tabar wiwi a tayoyin mota suka kai ta Los Angeles. Da aka biya su, sai ya miƙa mata kasonta ya ce zai tafi wurin wata masoyiyarsa, ita kuwa ta ɗirka masa harsashi bakwai, 'yan sanda ba su tarar da komai ba sai gawa da bindiga. Wanda ya saurari wannan da kunnen basira zai ga cewa harkar ta ƙare da cin amana da jini, babu wanda ya ci riba. Amma saboda ita hukumomin birnin Chihuahua suka ci su tarar feso (kuɗin Meksiko) 500,000 a 2017, bayan sun taɓa hana su wasa a birnin a 2012.

Masu dokar hana rera waƙoƙin fataucin ƙwayoyi suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Tun da shugaba Felipe Calderón ya tura sojoji yaƙi da gungun masu safarar ƙwayoyi a Disambar 2006, an kashe dubban ɗaruruwan mutane, kuma a 2022 adadin waɗanda suka ɓace ya haura 100,000 a lissafin gwamnati. Uwar da ke tonon ƙasa tana neman ƙasusuwan ɗanta tana da haƙƙin jin zafi idan ta ji ana yi wa makasa kirari. Ana kuwa yi, domin a 2025 ƙungiyar Los Alegres del Barranco ta haska hoton wani ƙasurgumin shugaban masu safara a dandalin wasanta a jihar Jalisco, har Amurka ta soke musu biza. Su ma Damisoshin ba su tsira ɗungurungum ba: waƙarsu ta 1997, "Jefe de Jefes", inda wani uban daba yake yabon kansa da bakinsa, ta matso kusa da kirari fiye da yadda zan so. Sai dai dokar da ta kasa bambanta mai ba da labari da maroƙin da aka biya ya wasa ɗan ta'adda tana hukunta mai laifi da marar laifi tare.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan rigima ta rufe babban aikinsu, wato zama bakin 'yan ci-rani marasa takardu. A "La Jaula de Oro", kejin zinariya, wani magidanci ya shekara goma a Amurka yana aiki, ba ya iya fita titi don tsoron a kama shi a mayar, daga wurin aiki sai gida. Ya tambayi ɗansa ko yana so su koma Meksiko, yaron ya amsa masa da Ingilishi cewa sam ba zai koma ba. Mutumin ya samu kuɗin da ya fito nema, ya rasa ƙasarsa, yana kuma kallon harshensa yana mutuwa a bakin 'ya'yansa. A "Tres Veces Mojado" kuma sun juya ga mutumin El Salvador da ya ƙetare iyaka uku, suka nuna cewa wulaƙancin da ɗan Meksiko yake kuka da shi a Amurka, shi ma yana yi wa baƙo irinsa a gida. Mawaƙin da ke neman tafi kawai ba ya faɗa wa mutanensa irin wannan magana.

A wajen dandali ma halinsu bai sauya ba. A shekarar 2000 gidauniyarsu ta ba jami'ar UCLA da ke Los Angeles dala 500,000 domin a kwafe dubban tsofaffin faya-fayan waƙoƙin Meksiko zuwa kwamfuta kafin su lalace. A 2018 kuma, shekara 50 bayan shahararren wasan mawaƙin Amurka Johnny Cash a gidan yarin Folsom, suka shiga wannan gidan yari suka yi wa fursunoni maza da mata kiɗa da Sifaniyanci, domin yanzu masu jin wannan harshe sun yi yawa a gidajen yarin Kalifoniya, jihar da suka fara wasa a cikin wani kurkukunta suna yara.