Gādon Alan Turing ya wuce labarin Enigma

Duk sa'ad da aka ambaci Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila, Yaƙin Duniya na Biyu ake fara kawowa: yadda ya zauna a Bletchley Park da ke Ingila yana warware saƙonnin sirrin da sojojin ruwan Jamus ke aikawa da na'urar Enigma. Haka aka yi, kuma aikin ya kuɓutar da jiragen ruwa masu kai wa Birtaniya abinci da makamai ta tekun Atlantika. Sai dai ni a ganina ba wannan ne babban abin da ya bar wa duniya ba.

Aikin Enigma na taro ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun 1932 Marian Rejewski, masanin lissafi ɗan Poland, ya gano yadda cikin na'urar yake, kuma a 1939 mutanen Poland suka miƙa wa Ingila da Faransa abin da suka sani. Na'urar Bombe da Turing ya tsara don warware saƙonnin Enigma, Gordon Welchman ne ya ƙara mata ƙarfi. Dubban mutane suka yi aiki a wurin, yawancinsu mata.

A koma 1936, lokacin Turing yana jami'ar Kembirij, bai cika shekara 25 ba. Ba injin da ya taɓa, tunani ne da alƙalami. Ya kwatanta wata na'ura mai dogon zirin takarda: ta karanta alama ɗaya, ta goge ko ta rubuta wata, ta matsa dama ko hagu, iyakarta ke nan. Daga nan ya nuna cewa na'ura guda za ta iya yin aikin kowace irinta, muddin an rubuta mata umarnin da za ta bi. Wannan ne asalin abin da ya sa wayar da ke hannunka take tura kuɗi, ta ɗauki hoto, ta kunna maka karatu, ba tare da an canja mata komai a ciki ba. A takardar binciken da ya rubuta wannan a ciki dai ya tabbatar akwai tambayoyin lissafi da babu na'urar da za ta taɓa amsa su, abin da masu yi wa ƙirƙirarriyar basira kirari a yau ba sa son tunawa.

Ƙarshensa yana taɓa ni. A 1952 kotu ta same shi da laifin alaƙa da wani namiji, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurai masu kashe sha'awa, ya ɗauki allurai. Ya mutu a Yunin 1954 yana da shekara 41, sanadin guba, alhali aikinsa na yaƙi yana rufe a matsayin sirrin gwamnati har bayan 1970.

Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa a 2013. A 2021 Bankin Ingila ya sa hotonsa a takardar fam 50, kuma na ji daɗi da suka buga jadawalin takardar nan ta 1936 a gefen fuskarsa.