Kafin jirgin ya dawo Gombe

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana.

Asabar ɗin da ta wuce na ratsa ta bayan tashar jirgin ƙasa da la'asar sakaliya, zan je gaisuwar rasuwa. Sai na tarar da samari uku zaune a kan dogo, ɗaya yana karanta wa sauran wani rubutu a waya, wai an mayar da Arewa maso Gabas saniyar ware, Legas da jirgi, Abuja da jirgi, Kaduna da jirgi, mu ko oho. Gaskiya ya faɗa, ban musa masa ba. Amma a daidai inda ya ɗora ƙafarsa an kwance notunan da ke haɗa dogon, kuma taku ashirin daga wurin wani ya tsuguna a gindin katanga yana biyan buƙata. Na yi musu sallama na wuce, maganar kuwa ta ƙi barina in yi barci.

Da yawanku ba ku taɓa jin kukan jirgin fasinja a garin nan ba, don haka bari in ɗan koma baya. A 1958 aka fara jan dogon nan daga Kuru, kusa da Jos. Ya iso Bauchi a 1961, ya shigo Gombe a 1963, ya bi ta Bajoga da Buni ya tuƙe a Maiduguri a 1964. Ɗaya bakin nasa yana can Fatakwal, ta Kafanchan da Makurdi da Inugu da Aba. Ta kansa auduga da gyaɗa da shanu suka riƙa gangarawa Kudu, manja da gari da kayan kanti suna haurowa. Sunan unguwar Bisije ma daga kamfanin audugar Turawa ya samo asali. Garin nan bai zama babban birnin jiha ba sai a 1996, amma kasuwarsa ta daɗe da tashi kafin nan, kuma dogon nan na cikin abin da ya tashe ta.

Ina yaro mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan riƙo hannuna mu je tasha tarbar kaya. Abin da na fi tunawa ba jirgin ba ne, tashar ce. Akwai rumfa da bencina, akwai famfo, akwai tagar da ake yankan tikiti, akwai wani ƙaton sikeli da ake auna kaya a kai, wanda ni da sa'o'ina muke hawa a sace mu ga nauyinmu. Masu fura da nono a gefe guda, mai shayi da mai tsire a ɗaya gefen, 'yan dako sun naɗa gammo suna jira. Ba zan yi muku ƙarya in ce aljanna ce ba. Jirgin da aka ce na hantsi ne wani lokaci sai bayan isha'i, mutane su shimfiɗa tabarmi su kwana a nan. Amma tsohuwa takan bar ƙullin kayanta ta je alwala ta dawo ta same shi inda ta bari, kuma duk yaron da aka gani yana wasa da ƙarfen dogo, babban da ya fi kusa da shi ne zai ja masa kunne, ko ya san ubansa ko bai sani ba.

Yanzu fa? Kun sani, na sani. Da dare ake zuwa da abin yankan ƙarfe, a yanka dogo gunduwa-gunduwa, a haƙe ƙarafan da aka shimfiɗa shi a kai, a loda a mota a lulluɓe da buhunan gawayi ko na masara. Sau nawa muka ga jami'an tsaro sun baje kolin irin waɗannan motoci a labarai? Waɗanda ake kamawa da hannu a ciki kusan kullum yara ne sa'o'inku, an ba su abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba. Mai sayen, wanda zai kai wa masu narkar da ƙarfe, yana gida a kan kujera. Shi ya ci riba, kai ka ci ɗauri, garinku ya rasa hanya.

Na san amsar da ake bayarwa, don an ba ni ita a majalisa: ai kayan gwamnati ne, kuma sun bar shi yana tsatsa. To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari, wannan na yarda. An yi sakaci da layin nan shekara da shekaru, kuma ko aikin gyaran da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Maris 2021, daga Fatakwal zuwa Maiduguri, abin da aka gani a ƙasa shi ne guntun da ke tsakanin Fatakwal da Aba. Ku yi ta tambayar wakilanku ina aka kwana, haƙƙinku ne, ni ma ina tambaya. Sai dai warin daddawa bai taɓa halatta wa ɓera sata ba. Abin da muke kira kayan gwamnati shi malamai ke kira dukiyar al'umma, kuma ta fi ta mutum ɗaya haɗari. In ka ci ta mutum ɗaya, ka san ƙofar da za ka je neman yafiya. Wanda ya sayar da dogo, gidan wa zai fara zuwa? Ku tambayi malamanku labarin mutumin da ya ɗauki mayafi ɗaya tak daga ganimar Khaibar kafin a raba, da abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa a kansa.

Ga kuma abin da mai kwance noti bai lissafa ba. Faɗin dogonmu milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma ƙafar jirgi ba ta da sitiyari, inda dogo ya nufa nan take bi. In aka cire abin da ke riƙe ƙarfen, nauyi na hawa sai ya buɗe, taragu su kife. Ranar da za a sako jirgin gwaji, ba wanda ya san ko ƙanwar wa ke ciki.

Harkar kasuwa takan kai ni Kaduna, daga can in hau jirgin Rigasa zuwa tashar Idu da ke Abuja. Layin nan an buɗe shi a Yuli 2016, kilomita 186 ne, mai faɗin dogo irin na zamani. Tasha ce mai kujeru da wurin salla da banɗaki, a bincike kayanka kafin ka shiga. Amma a can na gane cewa gini ba ya gyara hali. Na ga saurayi lafiyayye ya ajiye jaka a kujera ɗaya, ƙafa a ɗaya, mace mai goyo na tsaye a kansa, shi kuwa ya toshe kunne da abin jin waƙa. Na ga ana kiran shiga, kowa da tikitinsa mai lambar kujera, amma sai an ture dattijo a bakin ƙofa kamar ana rabon zakka. Kujerar taka ce, ba mai zama a kanta, turereniyar ta mece ce? Kafin a koma sayar da tikiti ta intanet a farkon 2021, kowa ya ji kukan da aka riƙa yi da masu saye su ɓoye su ninka kuɗi. Su ma ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yan wasu ne, kuma da sunan neman na kai suke yi.

Maganar banɗaki kuwa, ku yi haƙuri, sai na tsaya a kanta, don a nan muka fi faɗuwa. Mu ne masu tsarki sau biyar a yini, amma duk inda aka ce makewayi na jama'a ne, a tashar jirgi ko ta mota ko kasuwa, sai ka shiga da hanci a toshe. A cusa ledar ruwa a rami, a kwance kan famfo a tafi da shi, a ɗauke butar da wani bawan Allah ya ajiye sadaka. A wurin alwala a fyace majina a bar wa na baya. Idan wurin ya lalace sai a koma gindin katanga da inuwar bishiya, inda matafiyi zai so ya huta. Hadisin Muslim ya ambaci abu biyu masu jawo tsinuwa: yin bahaya a hanyar mutane, ko a inuwarsu. Ba mu da uzurin rashin sani, tun muna Islamiyya aka karantar da mu. Kuma wanda ya fi shan wahalar wannan ba kai ba ne. Namiji ko'ina ya juya baya ya gama. Mata da tsofaffi su ne ke ƙin shan ruwa tun asuba saboda sun san abin da ke jiransu a tasha.

Ba sai jirgi ya zo za a gwada ku ba. Tashar Dukku tana nan, tashoshin motocin Bauchi da Yola da Kano suna nan, kullum a cike. Wanda ya saba tsallake layi a can, ko ya tsaya yana ƙare wa 'yar mutane kallo tana jiran mota, ko ya kama jakar baƙo da ƙarfi wai sai ya shiga motarsu, haka zai yi a tashar jirgi ko da da gilashi aka gina ta. Da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, sharaɗin da aka ba su a bayyane yake: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa, hani da mummuna. Tasha ma bakin hanya ce, sai dai mutanen cikinta sun fi rauni, don baƙi ne, ga gajiya, ga kaya, ga kuɗin mota a ƙulle a bakin zane.

'Yan acaba da masu Keke, ku ma da ku nake. Kun tashi kun ga dogo shiru, kun saba haye shi ba waiwaye, wasu har sun kafa tebur a kansa, wasu sun ja katanga sun cinye filinsa. Jirgi ba tirela ba ne. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, in direba ya taka birki da kaya a bayansa yana iya shafe kusan kilomita bai tsaya ba. A Maris 2023 jirgi ya kwashi motar ma'aikata a Ikeja saboda direbanta ya ce bari ya yi sauri ya wuce, aka rasa rayuka. Can ma mutanen da suka saba ganin jirgi kullum ke nan.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Ɗalibi mai zuwa Bauchi, da mai kai wake Kudu, da ma'aikacin da ke kwana Bajoga yana aiki a Gombe, ba wanda zai ƙi jirgi mai araha. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kun ga mota ta tsaya a gefen dogo da tsakar dare, ku gaya wa mai unguwa, kada ku tunkare su da kanku. In abokinka ne aka yi wa tayin aikin, ka hana shi tun kafin a ba shi kafin alƙalami. In kai mai sayen gwangwan ne, ka san kamannin ƙarfen dogo, ba ya kama da na kowa, ka ce ba ka saye.

Samarin nan uku kuwa na sake haɗuwa da biyu daga cikinsu a masallaci, ashe ɗaya jikan abokin mahaifina ne. Mun yi magana da mai unguwa ya amince, Asabar mai zuwa bayan sallar asuba za mu share daga bakin tasha zuwa inda ƙarfinmu ya ƙare. Ni zan kawo cebur biyu da baro, shayi ma a wuyana. Mai zuwa ya sa takalmi rufaffe, akwai fasassun kwalabe a cikin ciyawar, kuma an ce an ga maciji.