Keken guragu ba sadaka ba ne

Ranar 4 ga Maris, 2023, Judy Heumann, ƴar gwagwarmayar kare haƙƙin naƙasassu a Amurka, ta rasu a birnin Washington tana da shekara 75. Na san da yawanku ba ku taɓa jin sunanta ba. Ni ma ban san ta ba sai da lalura ta shigo gidanmu.

Shan inna ce ta kama ta tana da wata 18 a duniya. Da ta kai shekara biyar uwarta ta tura ta a keke zuwa makaranta a New York, shugaban makarantar ya ce ba za su ɗauke ta ba, wai in gobara ta tashi za ta tare wa yara hanya. Sai aka riƙa turo mata malami gida, awa biyu da rabi a sati. Ta girma, ta yi karatun koyarwa, aka sake hana ta lasisi da irin wannan hujjar ta gobara. A 1970 ta maka hukumar ilimi a kotu, ta samu lasisinta, ta shiga aji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1977. Tun 1973 Amurka ta yi doka mai hana duk wanda ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa naƙasassu wariya, amma shekara huɗu aka ƙi sa hannu a ƙa'idojin aiwatar da ita. Judy da mutum sama da ɗari, makafi da kurame da guragu, suka shiga ginin gwamnati a San Francisco suka ƙi fita. Suna kwana a ƙasa, ƴan Black Panther, ƙungiyar fafutukar baƙaƙen fatar Amurka, na kawo musu abinci, har ministan lafiya Joseph Califano ya sa hannu ranar 28 ga Afrilu.

Mu ma fa muna da tamu dokar. Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019: a ware wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Don Allah ku duba ofishin da ya fi kusa da ku.

Kwanaki na raka ɗan yayata wani ofis karɓar takarda. Matakala bakwai ce a ƙofar. Ya sauka daga kekensa, ya sa silifa a hannu, ya rarrafa da farar shaddarsa. Wani bawan Allah ya bi shi da naira ɗari biyu. Yaron nan ɗalibin jami'a ne, har muka dawo gida bai ce uffan ba.

Ban raina sadaka ba, ladanta na wurin Allah. Amma ɗari biyu ba ta biyan malamin da ya iya maganar kurame, ba ta buga littafin makafi, ba ta zuba kankaren gangara a ƙofar asibiti. Waɗannan aikin kasafin kuɗi ne, kuma kasafi majalisa ke zartar da shi. In ɗan majalisarku ya zo rabon kekuna da ƴan jarida a bayansa, ku tambaye shi nawa aka ware bana, nawa kuma aka saki.