Layin Waya Da Sunanta, Ba Da Sunan Maigida Ba

Ranar Lahadi a kasuwar Kibuye da ke Kisumu a ƙasar Kenya, bakin tafkin Biktoriya, wata dattijuwa mai sayar da ganye ta tura wa mai kawo mata kaya daga ƙauye shilin 1,200 ta waya, sai gaggawa ta sa ta kuskure lamba ɗaya. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ɗauki saƙon shaidar biyan, ta tura shi zuwa 456, lambar neman a dawo da kuɗin da aka tura bisa kuskure, ta ci gaba da ɗaure ganyen miyar da suke kira sukuma-wiki ƙulli-ƙulli. Kafin kasuwa ta watse kuɗinta sun dawo, da yake wanda suka faɗa wa bai riga ya cire ba. Wayar tata kuwa ƙarama ce mai maɓalli, an ɗaure bayanta da kyauro, lambobin jikinta duk sun goge.

M-Pesa ke nan, tsarin ajiya da tura kuɗi ta waya wanda kamfanin waya na Safaricom ya fara a watan Maris na 2007. Ba ya buƙatar data ko babbar waya, balle asusun banki. Mace za ta je shagon wakili, irin waɗanda ake shafa wa koren fenti, ta nuna katin shaida, ta miƙa tsabar kuɗi, su shiga layinta. Ajiya kyauta ce, cirewa ake caja. In za ta biya wani, ta danna *334#, ta sa lamba da adadi da lambar sirri guda huɗu, sunan mai karɓa ya bayyana kafin ta amince, sannan saƙo ya shigo wa kowannensu. Masu ƙananan sana'a suna da Pochi la Biashara, aljihu na daban a kan layi ɗaya, don kada kuɗin cefane su cinye uwar kuɗi. Adashinsu, da suke kira cama, ta nan ake zubi, kowace mace da shaidarta a rubuce. A 2016 masana tattalin arziki Tavneet Suri da William Jack sun wallafa bincike a mujallar Science, inda suka ƙiyasta cewa tsarin ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci, ya kuma sa mata kusan 185,000 sun koma kasuwanci daga noman ci da baki.

Yana da nasa aibin. Wakilin ƙauye kan ce kuɗin cikin wayarsa sun ƙare, ba zai karɓi ajiya ba sai ya je gari. 'Yan damfara kan turo saƙon ƙarya su ce a mayar musu. Bashin Fuliza, wanda M-Pesa ke cika wa mutum idan kuɗin layinsa ba su kai ba, da ya zo a 2019, kullum yana haihuwa har sai an biya. Amma duk waɗannan ba su kai ciwon namu ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ce wai matanmu wayar da kai suke jira. Matar da ke matse man gyaɗa a tsakar gida, ta san wa ya ci bashin kwalba nawa tun Sallar bara, ta riƙe adashin mutum ashirin a ka, ita za a tara a ɗakin taro a koya wa kunna kwamfuta kwana uku, a ba ta takardar shaida? Ba basira ta rasa ba. Babban Bankin Najeriya ya daɗe bai bar kamfanonin waya su ja ragamar wannan harka ba, sai a 2022 MoMo na MTN da SmartCash na Airtel suka fara aiki a matsayin bankunan biyan kuɗi, shekara goma sha biyar bayan Kenya. Tun Disambar 2020 kuma layi sai da lambar NIN, wadda mace ta ƙauye ba ta samu sai ta biya kuɗin mota zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma, wataƙila sau biyu. Mafi sauƙi sai a yi rajista da sunan maigida ko babban ɗa.

Nan gizo ke saƙar. Mai sayen ƙuli ya yi tiransifa, alat ya shiga wayar maigida yana can majalisa. Ko mutumin kirki ne, sai ta tambaya kafin ta san an biya, sai ta roƙa kafin a ciro mata wurin mai POS. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, irin waɗannan mata ne jarinsu ya fara karyewa.

Mu da muka tashi muna jin malamai na cewa dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ko sisi sai da yardarta, bai kamata dattijuwar Kibuye ta riga uwayenmu cin moriyar wannan hukunci ba. Masu yi wa amarya kayan ɗaki har da injin markaɗe, su haɗa da rakiya wurin yin NIN, da layi da sunanta, da lambar sirrin da ita kaɗai ta sani.